Buhu yana sito, mai shi ya canja: fashin baƙi kan cinikin kirifto a wajen kundi da rigimar haƙƙin ƙirƙira

Duk wanda ya taɓa zama a Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, bayan kaka ya san wannan. Motar masara ta shigo daga Kumo ko Dukku, 'yan dako su sauke buhu ɗari su jibge a sito. Kafin wata ya mutu masarar nan tana iya zama ta mutum uku, ɗaya bayan ɗaya, alhali ko buhu guda bai gusa daga inda aka ajiye shi ba. Wane ya sayar wa wane, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shiga sito sabon mai kaya ya ƙirga abinsa, mai sito ya rubuta sunansa a littafi. Ba kuɗin dako, ba kuɗin mota. Kaya suna nan, mai su ne ya canja.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne ɗan ƙanena, wanda ya karanta kwamfuta a nan Gombe, yake kuma ɗan taɓa cinikin USDT, kuɗin intanet na kirifto mai bin darajar dala, a shagonsa na cajin waya. Ya same ni bayan isha'i da maganar da ta hana shi barci. So yake ya gina manhaja wadda 'yan kasuwar hatsi za su riƙa biyan juna da Bitcoin nan take, ba tare da kuɗin turawa ya cinye riba ba. "Amma Bappa," in ji shi, "na ga ana cewa wasu kamfanonin waje sun yi rajistar irin waɗannan hanyoyin da sunansu. In na gina, za su iya maka ni a kotu?"

Tambaya ɗaya ya yi, amma magana biyu ce a ƙunshe. Ta farko, yaya ma ake yi kirifto ya canja mai shi ba tare da an rubuta a babban kundinsa ba? Ta biyu, wa ke da ikon hana wani amfani da wannan dabarar? Sai an warware ta farko sannan ta biyu za ta fito sarari.

Bitcoin ba tsaba ba ne, ba kuma takarda ba. Kundi ne guda, wanda ake kira bulokcen, dubban kwamfutoci a faɗin duniya kowace tana riƙe da kwafinsa. Tun ranar 3 ga Janairun 2009 da aka buɗe shafin farko, kusan duk minti goma ake ƙara sabo. Kundin bai san sunan kowa ba. Abin da yake faɗa shi ne adadi kaza yana kulle da kwaɗo kaza, duk mai mabuɗin kwaɗon shi ke da ikon motsa shi. Waɗannan kalmomi 12 ko 24 da walet, wato manhajar ajiyar kirifto, ke ba ka ranar da ka buɗe ta, daga cikinsu ake fitar da mabuɗin. In ka tura wa mutum kuɗi ta kundi, an cire kwaɗonka an ɗana nasa, duniya kuma ta shaida. Wannan shi ne ɗaukar buhu a ka, a fitar da shi daga sitonka a kai nasa.

Sai dai shafin ƙarami ne. Ciniki kusan bakwai yake iya ɗauka a daƙiƙa guda, na duk duniya gaba ɗaya. In cunkoso ya yi yawa gurbi ya koma gwanjo, wanda ya fi biya shi ke fara shiga. A Disambar 2017 matsakaicin kuɗin turawa ya haura dala 50, a wata rana ta Afrilun 2024 kuma ya zarce dala 100. Mai tura miliyoyi ba zai ji a jikinsa ba. Mai sayen mudun wake biyar kuwa ba shi da wurin zama a wannan kundin. Daga nan aka shiga neman yadda kaya za su canja hannu ba tare da an taɓa shi ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda kusan kowa a nan ke bi, da yawa ba su ma san suna binta ba. In ka sayi USDT a kasuwar P2P, wato cinikin mutum da mutum, ta kamfanin Binance ko makamanciyarta, babu abin da ya motsa a bulokcen. Kamfanin ne ya rage lamba a gaban sunan mai sayarwa ya ƙara a gaban naka, a cikin littafinsa na kansa. Mabuɗi yana hannunsa. Wannan sito ne sak, kuma dukiyarka tana rataye da amanar mai siton. A Fabrairun 2014 kasuwar Mt. Gox ta Japan ta rufe, ta ce Bitcoin kusan 850,000 sun salwanta. A Nuwamban 2022 kasuwar kirifto ta FTX ta durƙushe da kuɗin jama'a. Mu ma mun ɗanɗani wani ɓangare na wannan dogaro: Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto a Fabrairun 2021, matasa suka kwarara P2P, aka sassauta a Disambar 2023, sai ga shi a Maris ɗin 2024 Binance ta daina duk wata hidima da naira bayan takun-saƙarta da gwamnati. CBEX, manhajar zuba jarin kirifto da ta ruguje a Afrilun 2025, ba ta ma kai matsayin sito ba. Lambobi ne a fuskar waya, ba buhu ko ɗaya a bayansu.

Wasu kuma suka ce to a mayar da mabuɗin abin riƙewa a hannu. Wani Ba'amurke, Mike Caldwell, ya fara buga tsabar Casascius a 2011, da mabuɗi a ɓoye ƙarƙashin hatimin da ba ya ɓaruwa sai ya bar tabo. Ya daina a 2013 bayan hukumar da ke sa ido kan laifukan kuɗi ta Amurka ta ce abin da yake yi aikin masu tura kuɗi ne, sai da rajista. Kamfanin Coinkite na Kanada ya fito da Opendime, ɗan ƙaramin abu kamar filashin kwamfuta, wanda shi ke ƙirƙirar mabuɗin a cikinsa, ba mai gani sai an huda shi. Ka miƙa wa mutum, ya zama nasa, kamar takardar naira. Yana da kyau, amma ba ya tafiya ta waya, kuma dole ka yarda da maƙerin.

Lightning ita ce hanyar da aka fi ji. Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka bayyana ta a 2015, ta fara aiki sosai a 2018 bayan wani gyara da aka yi wa Bitcoin a 2017, mai suna SegWit, ya share mata fage. Ka ɗauka 'yan kasuwa biyu ne masu yawan hulɗa suka zuba kuɗi a akwati guda mai kwaɗo biyu. Zuba kuɗin ne kaɗai ake rubutawa a kundi. Daga nan duk cinikin da suka yi, sai su sa hannu a sabuwar takardar rabo: naka kaza, nawa kaza. Sau dubu za su iya yin haka a yini. Ranar da ɗaya ya so tafiya, sai ya kai takardar ƙarshe kundi, a raba akwatin. In kuwa ya yi wayo ya kai tsohuwar takarda wadda rabonsa ya fi tsoka, abokinsa yana da wa'adin da zai fito da hujja, kuma hukuncin shi ne ya kwashe duk abin da ke akwatin. Wanda ba ku da akwati tare, ana bi ta hannun wasu a kai masa, kamar saƙon da ake ba direba a tasha, sai dai a nan direban ba ya iya cinyewa: ko saƙo ya isa, ko ya dawo.

Tana aiki, ba a takarda kawai ba. A Disambar 2022 kamfanin Strike na Amurka ya haɗa kai da Bitnob don turo kuɗi Najeriya da Ghana da Kenya ta wannan hanyar, Machankura ta Afirka ta Kudu kuma ta sa ana amfani da ita a ƙaramar waya mai maɓallai. Amma tana da sharaɗin da ya shafe mu ƙwarai. Sai wayarka tana kan intanet za ka karɓa, kuma sai wani yana leƙa kundi a madadinka don kada wa'adin hujja ya wuce kana duhu. Duk wanda yake Gombe a 2024, lokacin da aka lalata turakun layin wutar Jos zuwa Gombe, ya san kwana nawa waya ke iya yi a mace. Saboda irin wannan wahalar ne da yawa ke zaɓar walet ɗin Lightning wadda kamfani ke riƙe wa mabuɗi. Wato an zagayo an koma sito.

Wadda ta fi dacewa da sunan canja mallaka a wajen kundi ita ce wadda Ruben Somsen ya gabatar a 2018, ake kiranta sitetcen, kamfanin CommerceBlock kuma ya gina ta a walet ɗinsa na Mercury. A nan zan ɗan dakata, domin a kanta ɗan nawa ya fi ƙwallafa rai.

Ana kulle wani dunƙule na Bitcoin da kwaɗo guda, amma mabuɗin rabi biyu ne. Rabi yana hannunka, rabi yana hannun wani mai tsaro, wato kamfanin da ke gudanar da tsarin. Kai kaɗai ba ka buɗewa, shi kaɗai ba ya buɗewa. Ranar da ka sayar, kai da mai saye da mai tsaro za ku yi wani lissafi wanda zai fitar da sabbin rabi biyu, ɗaya ga mai saye, ɗaya ga mai tsaro, waɗanda in an haɗa su suna buɗe wannan kwaɗon dai. Rabinka na da bai dace da sabon rabin mai tsaro ba, don haka ya zama banza. Kundi bai ga komai ba, kwaɗo yana nan yadda yake, amma ikon buɗewa ya bar hannunka.

To in mai tsaro ya ɓace fa? An yi tanadi. Tun ranar da ka karɓa, ana ba ka takardar fita wadda an riga an sa mata hannu, mai kwanan wata a gaba. Ranar ta cika, kai kaɗai za ka kai ta kundi ka kwashe abinka. Kowane sabon mai kaya kwanan watansa yana riga na wanda ya sayar masa cika, don ya riga shi isa. Wannan ya sa dunƙulen yana da iyakar sau nawa zai canja hannu kafin a koma kundi a sabunta. Sannan a ainihin tsarin ba a tsaga shi. Yadda aka kulle shi haka ake miƙa shi, kamar buhun da ba a auna shi da mudu.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan. Dukkan amincin tsarin ya rataya ne a kan mai tsaro ya goge tsohon rabinsa. In ya ɓoye kwafi, ya haɗa baki da wanda ya sayar maka, su biyun za su buɗe kwaɗon su bar ka da takarda a hannu. Kuma babu lissafin da ke tabbatar da cewa mutum ya manta abu. Ana iya nuna an rubuta, ba a iya nuna an goge. Don haka sitetcen ya fi sito aminci nesa ba kusa ba, tunda mai tsaro shi kaɗai ba ya iya sata, gwamnati kuma in ta kama shi ba za ta samu cikakken mabuɗi a wurinsa ba, amma bai kai rubutun kundi ba. Wanda ya ce maka ɗaya suke, bai gaya maka gaskiya ba.

Ma'aunina a kan duk waɗannan hanyoyin guda ne: ranar da mai sito ya rufe ƙofa ya tafi, kana iya fitar da kayanka kai kaɗai, ba sai da izinin kowa ba? A kamfanin ajiya amsar ita ce a'a. A Lightning e, in kana farke. A sitetcen e, in ba a haɗa baki a kanka ba. Tambayar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman Malikiyya sun daɗe suna karantar da cewa abincin da aka saya da awo ba a sayar da shi sai an karɓe shi, shi ya sa ɗan kasuwa mai kiyayewa ba ya tsallake shiga sito ya ƙirga. Mene ne karɓa ga dukiyar da ba ta da jiki, riƙe mabuɗi ne ko ganin lamba a waya, wannan aiki ne da ke jiran malamai da masana fasaha su zauna a tabarma guda.

Yanzu ga magana ta biyu.

Takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda lauyoyi ke kira fatent, yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Ka bayyana dabararka filla-filla, hukuma ta ba ka ikon hana kowa amfani da ita har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda. Ta bambanta da haƙƙin mallakar rubutu, kuma a wannan bambancin matasanmu suka fi ruɗewa. Satoshi Nakamoto, sunan da wanda ya ƙirƙiro Bitcoin ya ɓoye a bayansa, ya saki manhajar Bitcoin a ƙarƙashin lasisin MIT, kowa ya kwafa ya gyara ya sayar. Wannan ya shafi rubutun manhajar ne. Fatent kuwa hanyar yake kamawa, ba rubutun ba. Ko da kanka ka zauna ka gano dabarar, ka rubuta kowane layi da hannunka, ba ka taɓa jin sunan mai fatent ba, in hanyarka ta faɗa cikin abin da ya zayyana, ka shiga gonarsa. Ƙari a kan haka, a yawancin ƙasashe takardar nema tana ɓoye har wata 18 kafin a buga ta. Kana iya yin shekara guda kana gini a filin da wani ya riga ya kafa wa turke ba ka gani ba.

Wannan fage ya taɓa ganin illar haka. David Chaum ya gano sa hannu a makance tun farkon shekarun 1980, dabarar da ke ba mai ajiya damar buga takardun kuɗi na lantarki ba tare da ya san wa ya ba wa ba. Ya yi mata fatent, ya kafa DigiCash a Holan, kamfanin ya karye a 1998. Ba fatent kaɗai ya kashe shi ba, amma ya tsare wasu daga gwadawa a fili har sai da wa'adinsa ya ƙare a 2005. Yau wannan dabarar ce manhajojin Cashu da Fedimint ke amfani da ita, wata hanyar ce kuma ta biyan kuɗi a wajen kundi.

Na Claus Schnorr ya fi kusa da maganarmu. Masanin lissafi ne Bajamushe, ya samu fatent a Amurka a 1991 kan wani salon sa hannu mai sauƙi da tsafta. Duniya ta kauce masa ta rungumi wani salon da ya fi murɗiya, shi ne ya zama gama-gari, shi kuma Satoshi ya tarar ya ɗauka. Salon Schnorr bai shiga Bitcoin ba sai a Nuwamban 2021 da gyaran Taproot. Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, babbar falalar salon Schnorr ita ce sauƙin raba mabuɗi tsakanin mutum biyu ko fiye, wato ainihin abin da sitetcen da akwatunan Lightning suke buƙata. Fatent guda ya sa an yi shekaru ana bin doguwar hanya.

A yau manyan bankuna da kamfanonin fasaha irin su Bank of America da Mastercard da IBM da Alibaba suna da tarin fatent a kan bulokcen. Kamfanin nChain ya tara ɗaruruwa, kuma Craig Wright, ɗan Ostareliyan nan da ya yi shekaru yana cewa shi ne Satoshi, ya riƙe muƙamin babban masanin kimiyyarsa. Wright ya kai masu gina manhajar Bitcoin kotu, a 2021 kuma ya samu umarnin kotun Landan da ya tilasta wa shafin Bitcoin.org cire takardar da Satoshi ya fara bayyana Bitcoin a cikinta ga masu shiga daga Birtaniya, domin mai kula da shafin bai yarda ya bayyana sunansa don ya kare kansa ba. Waccan shari'ar ta haƙƙin rubutu ce, ba fatent ba, amma ta nuna yadda mai kuɗin lauya ke cin nasara kafin a ma duba gaskiyar magana. Ƙungiyar COPA, wadda kamfanin Square na Jack Dorsey ya kafa a Satumban 2020, ita ta ja shi gaban alƙali. Mambobinta suna alƙawarin ba za su yi amfani da fatent ɗinsu na tushen kirifto a kan kowa ba sai don kare kai. A Maris ɗin 2024 Mai shari'a James Mellor ya yanke cewa Wright ba Satoshi ba ne, a Disambar shekarar kuma aka yanke masa ɗaurin shekara guda na jeka-ka-gyara-halinka saboda raina kotu. Maganar ba ta mutu da shi ba. A 2025 kamfanin Malikie, wanda ya sayi dubban fatent na BlackBerry, ya shigar da ƙarar manyan masu haƙar Bitcoin biyu a Amurka, wato kamfanonin da kwamfutocinsu ke ƙara sabbin shafuka a kundi, kan lissafin sa hannu.

Akwai garkuwa biyu. Ta farko, abin da aka riga aka wallafa a fili ba ya zama sabo, don haka ba ya karɓar fatent mai inganci. Poon da Dryja da Somsen duk a fili suka baza dabarunsu, wannan kuwa hujja ce mai kwanan wata. Ta biyu ita ce hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2014 a shari'ar Alice da bankin CLS. Abin sha'awa, fatent ɗin da aka yi jayayya a kansa na sanya amintaccen mutum na uku ne a tsakanin masu ciniki biyu don kada ɗaya ya cuci ɗaya. Kotu ta ce wannan tsohuwar al'adar kasuwa ce, cewa a yi ta da kwamfuta bai mayar da ita ƙirƙira ba. Da alƙalan sun zo Tudun Hatsi da sun ga hujjarsu tana zaune a bakin sito. Sai dai garkuwar nan biyu a gaban kotu ake ɗaga su, shari'ar fatent a Amurka kuma takan ci miliyoyin daloli. Yaro mai shagon caji ba zai kai ranar hukunci ba. Wasiƙar lauya guda ta isa.

A gida kuwa lamarin yana da tasa siffar. Fatent ba ya tsallake iyaka. Na Amurka ba shi da ƙarfi a Gombe sai an yi rajistarsa a Najeriya. Amma ƙofar a buɗe take, tunda ƙasar ta shiga yarjejeniyar haɗin gwiwar fatent ta duniya a 2005. Dokarmu ta fatent da zane ta 1970 ce, tun kafin kwamfuta ta shiga gidan kowa. Ta ce sai abu ya zama sabo, ya fito daga aikin ƙirƙira, kuma ana iya amfani da shi a masana'anta. Amma ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci da Zuba Jari, cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce. Dokar da kanta ta ce ana bayar da fatent ne ba tare da lamunin ingancinsa ba. Ma'ana, mutum yana iya rajistar abin da aka wallafa shekaru da suka wuce ya karɓi takarda mai hatimi, kai kuma sai ka je Babbar Kotun Tarayya ka rushe ta da kuɗinka. A ganina wannan gibin ya fi duk wani fatent na ƙetare haɗari ga matasanmu. Sannan ko ba rajista a nan, manhajarka a Google Play take zaune, rumbun da ka ajiye rubutunta na kamfanin Amurka ne, mai zuba maka jari ma wataƙila daga can yake. Ta nan dokar da ba ta da iko a kanka take iya rufe maka shago.

Ba na cikin masu cewa a soke fatent. Wanda ya ɓata shekaru ya ƙera injin sussukar masara da ya fi na kowa, ya cancanci cin guminsa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Amma akwai gona, akwai burtali. Na'ura irin Opendime gona ce. In an killace ta, wani zai ƙera tasa daban. Hanyar da walet biyu ke bi su fahimci juna kuwa burtali ce, amfaninta shi ne kowa ya bi ta. In aka kafa mata shinge, manyan kamfanoni za su biya kuɗin lasisi su wuce, su ne kuwa masu riƙe wa mutane mabuɗi. Waɗanda za su tsaya a bayan shinge su ne ƙananan magina masu sakin aikinsu kyauta, waɗanda ke gina hanyoyin da mutum zai fitar da kayansa da kansa. Mai miliyoyi yana da kundi, zai biya dala 50 ya kwana lafiya. Mai mudu biyar, wanda dominsa aka nemo hanyar wajen kundi tun farko, shi za a mayar sito ya zauna a kan amanar wani.

Abin da na gaya wa ɗan nawa ke nan, sannan na ƙara masa da na aiki. Ya gina a kan abin da aka wallafa a fili mai lasisin kyauta, kada ya kwaikwayi tsarin wani kamfani da ke rufe. In ya gano wata sabuwar dabara kuma ba ya nufin yi mata rajista, ya wallafa ta da kwanan wata don kada wani ya riga shi. Ya nemi lauyan da ya san wannan fanni ya bincika masa rajistar Abuja kafin ya karɓi sisin kowa. Na kuma ja kunnensa cewa dokar da za ta fara ƙwanƙwasa masa ƙofa ba ta fatent ba ce. Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, kuma duk ranar da ya fara riƙe wa mutane kuɗi ya shiga sahun masu neman lasisi.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Bappa, ni ba zan riƙe mabuɗin kowa ba." Ya ajiye maganar sitetcen tukuna, domin a can dole wani ya zama mai tsaro, shi kuma bai shirya ɗaukar wannan amanar ba. Da Lightning ya fara, mabuɗi a wayar ɗan kasuwa. Ya sayi ƙaramin faifan sola ya ɗora a rufin shagon, ya haɗa da wata tsohuwar kwamfuta da za ta riƙa leƙa kundi dare da rana a madadin waɗanda wayarsu ta mutu. Makon jiya ya je Tudun Hatsi da littafi a hannu, yana bin dillalai ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu kwana nawa wayarsu ta fi daɗewa a kashe, don ya san tsawon wa'adin da zai sa wa akwatunan.